Shekarar da Soja Suka Daɓe Mana Gona

Bana ruwa ya yi mana jinkiri. Hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, kowa ya fito yana duban sama, sai iska ta kwashe shi ta yi wajen Zariya da shi. Ni yanzu ba na noma, gwiwa ta hana, amma har yau jikina bai daina jiran ruwa ba. Ranar Laraba da hantsi muna zaune a ƙofar gida da maƙwabta, rediyo tana ta maganar sojojin ƙasashen waje da aka sallama daga Nijar, ana ta musu a kan inda za su koma su kafa sansani. Malamin firamarenmu ya ce shi dai ya gode Allah, mu a nan ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Na ce masa, "Malam, ai a gonar ubana aka so farawa." Ya yi dariya, ya zaci zolayar tsufa ce. Ba zolaya ba ce.

Shekarar ita ce ta bayan zuwan Sarauniyar Ingila Kano, saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka. Ƙauyenmu yana kudu da Tudun Wada, a kan hanyar da ta ratsa daji zuwa Doguwa, kuma a lokacin gidajenmu ba su fi arba'in ba.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta fitar da kai amma ƙwayar ba ta cika ba. Rumbu biyu gare mu, ɗaya ya ƙare tun kafin azumi. Azumin kuwa a tsakiyar bazara ya faɗo. Da sassafe in ɗora wa jaki mangalar taki in kai gona, in dawo in sake, kafin rana ta take. In ta take sai kowa ya nemi gindin bishiya ya kwanta, ka jiƙa riga ka rufe fuska, kafin ka juya ta bushe. Inna takan auna dawa da ƙaramar ƙwarya, ta daka, ta ajiye dusar ma ba ta ba awaki. Kunun buɗa baki tsararo ne, kana iya ganin gindin ludayi a cikinsa. Ƙannena su tafi daji su kaɗo ɗorawa, a dama garinta a sha, bakin kowa ya yi rawaya. Tuwo sau ɗaya a yini, miyar kuka ba mai.

A cikin wannan hali kurkunu ya kwantar da Baba, ƙafa biyu. Yana zaune a zaure ƙafafu a miƙe, kullum yana naɗe farar tsutsar mai kama da zare a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe. Ranar da ya tabbata ba zai tashi ba kafin shuka, ya kira ni.

"Ilu, bana gandu a hannunka yake. Gonar tudu ita ce cikinmu. Ka kula da ita."

Gonar tudu doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba kwari, da gawo babba a tsakiya da kaɗanya biyu a gefe. Duk ranin nan shanun Ardo Buba, Bafillacen da ke da ruga a yammacinmu, a cikinta suka kwana, ta sha taki har ta yi baƙi. Na yi sassabe, na ƙone, na baza toka. Ruwa kawai nake jira.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki wani ƙaramin jirgin sama ya zo ya yi ta zagaya mu. Ya tafi, ya dawo, ya yi ƙasa-ƙasa har kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Kwana uku yana haka. A rana ta biyar sai ga motoci huɗu sun ɓullo ta hanyar Tudun Wada cike da soja, baƙaƙen fata irinmu, da Turawa biyu a gaba. Suka wuce ƙauye, suka tsaya a bakin gonarmu, suka kafa tantuna. Kafin azahar sun jera turaku masu farin kai tun daga yamma har gabas, layi biyu, gonarmu gaba ɗaya a tsakiya, da ɗan yankin gonakin maƙwabta biyu.

Da la'asar dagaci ya aiko a tara mutane. Ya ce umarni ne daga sama, duk wanda gonarsa ta faɗa cikin turaku kada ya shuka sai an ba da izini. Ana kuma neman majiya ƙarfi su yi aikin share fili, kowa za a ba shi mudun shinkafa a yini. Na tambaya, "Allah ya ba ka nasara, filin mene ne?" Ya ce shi ma abin da aka gaya masa ke nan.

Wanda ya gane abin da ke faruwa tun kafin a faɗa shi ne Kawu Tanko, ƙanen Inna. Ya je yaƙin Bama ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji, yana noma yana gyaran keke ranar kasuwa. Ya bi layin turakun da ƙafa yana ƙirga taku, ya dawo ya zauna kusa da Baba.

"Malam Tanko, me ka gani?" in ji Baba.

"Filin jirgi ne. Irinsa na share da hannuna ya fi biyar."

"Jirgi zai zo ɗaukar me a nan? Dusa?"

"Ba ɗauka zai zo ba, yaya. Zama zai zo yi."

Washegari na ɗauki gatari na shiga aikin. Ban so ba, amma Inna ta nuna mini gindin rumbu, na ga abin da ya rage ba zai kai mu ga sabon gero ba. Aikin farko da aka ba mu shi ne sare gawon. Mu shida muka yini a kansa. Da ya faɗi na kasa duban wajen gida. Da yamma na kai wa Inna shinkafa a cikin hula, ta dafa da ɗan gishiri, ƙannena suka ci har suna lasar akushi. Baba ya ci loma biyu ya ture.

Shugaban aikin wani saje ne mai suna Musa, mutumin Gombe, dogo mai fara'a. Da ya ji Kawu ya yi Bama sai ya ƙame ya sara masa, daga nan ya zama in an tashi hutun rana sai ya zo inuwarmu. Ni kuwa tambayoyi sun cika mini ciki.

"Saje, ba akwai filin jirgi a Kano ba?"

"Akwai. Amma na Kano kowa ya san shi. Suna son wani a gefe, kusa da duwatsu, ko da ta ɓaci. Wannan gwaji ne. In ƙasar ta yi, sai a kawo waya a kewaye, a gina bariki."

"Ta ɓaci da wa?"

"Da Rasha."

Ban taɓa jin sunan ba. Na zaci wani sarki ne. Saje ya tsinci kara ya zana a ƙasa. Nan Ingila, nan Amurka abokiyarta, can Rasha, ƙasa mai faɗi da sanyi. Ya ce kowannensu yana bin duniya yana neman inda zai ajiye jirage da soja a ƙasashen abokansa, don in faɗa ya tashi ya riga ɗan'uwansa isa. Ya ce bara aka fitar da Turawan Ingila daga Masar, shi ya sa jiragensu masu zuwa gabas sai sun zagayo ta wajenmu.

"To mu muna ina?" na ce.

Ya duba zanen, ya ɗiga kan karan a wani wuri nesa da duka ukun. "Nan."

"Ai mun yi nisa da faɗan."

"Jirgi ba ya ganin nisa," in ji Kawu.

A hanyar gida na matsa wa Kawu ya gaya mini abin da ya gani. Ya ce ya ga irin wannan a Indiya, ya gani a wani tsibiri da jirgin ruwansu ya tsaya. Farko tanti, sannan waya, sannan kanti da asibiti da hanyar mota. Wasu mutanen wurin su samu aikin wanki da dafa abinci su yi ƙiba, wasu a matsar da su gaba. Na ce to alheri ne ko sharri? Ya ce shi duka biyun ya gani. Da muka kusa gida ya ce a Bama akwai wani ƙauye da suka share fili a gefensa, mutanen suna kawo musu ayaba. Da jiragen abokan gaba suka zo neman filin, ba su tsaya bambance fili da ƙauye ba.

Garinmu ya rabu biyu. Mai unguwa yana cewa in bariki ya zauna za a yi mana titi, a haƙa rijiyar siminti, 'ya'yanmu su samu aiki. Masu gona a cikin turaku muna cewa sai mu ci titin? Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, a cikin sojan akwai mai ba da magani. Da Saje ya ji labarin Baba sai ya turo shi. Kullum da safe ya zo da akwatinsa ya wanke ƙafafun, ya sa wani jan magani, ya naɗe da farin ƙyalle. Ya kuma ce wa Inna ta riƙa tace ruwan tafki da mayafi. Cikin sati biyu kumburin ya fara saɓewa. Baba yakan yi masa godiya har da addu'a, in ya fita kuma ya juya ya tambaye ni yau me suka yi wa gonar.

Abin da suka yi mata kuwa, katafila suka kawo ta kankare saman ƙasar, duk takin da na yi rani ina ɗorawa ta ture shi gefe ya zama tudu. Sannan ta jawo wani ƙaton ƙarfe mai nauyi tana bi tana dawowa, ana yayyafa ruwa, har gonar ta koma kamar daɓen ɗaki. In ka buga dunduniya sai ka ji ta amsa.

Sai ruwa ya zo. Da la'asar ne, iska ta fara kaɗa jinka, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu. Da gari ya waye kowa ya fito da sungumi, maza suna sara, mata da yara suna bi suna zuba iri suna takewa. Ni na tsaya a bakin turaku da sungumina a kafaɗa ina kallon ruwa kwance a kan daɓe, ko shiga ƙasa bai yi ba. Irin shukarmu yana cikin tulu a ɗakin Inna, an rufe bakinsa da toka da laka. Duk yunwar da muka sha ba ta taɓa shi ba. Kawu ya yanka mana ɗan gefen gonarsa muka shuka, amma wurin ko damin gero goma ba zai ba da ba.

Kwana bakwai, gero ya tsiro a gonakin mutane. Kwana goma sha biyar, aka shiga noman firi. Baba ya daina tambayata. Ranar nan ya ce, "Malam Tanko, ka kai yaron nan wajen Baturen. Ni ba zan iya tafiya ba. A tambaye shi ko za mu shuka ko ba za mu shuka ba, mu san matsayinmu. Kuma a gaya masa, tsakani da Allah, ƙarshen gonar ta gabas laka ce a ƙarƙashi. In damina ta zauna ko jaki ba ma bi da shi ta nan."

"Yaya, in ka gaya musu ai gyarawa za su yi su ƙara zama," in ji Kawu.

"Mutum ne zai sauka a cikin abin nan. A gaya musu."

Babban Baturen muna kiransa Mai Tabarau. Yana jin Hausa irin ta littafi, yakan ce wa namiji "ke" sannan ya gyara. Muka same shi a bakin tanti da takardu a kan tebur. Kawu ya ƙame, ni na durƙusa. Na isar da saƙon Baba na laka. Ya ce an danne ƙasar da ƙarfe, injiniya ya auna, amma ya gode, ya kuma rubuta a ɗan littafinsa. Maganar shuka kuwa ya ce sai jirgi ya sauka an gani. In filin ya yi, za a ba mu wata gona a wani wuri.

Ya kamata in tashi a nan, amma bakina ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, Rashan nan, me muka yi musu?"

Ya yi murmushi. "Ba ku yi musu komai ba. Ku abokanmu ne, shi ya sa muke so mu tsare ku."

"Yanzu haka sun san da ƙauyenmu?"

"A'a. Ba ya cikin taswirarsu. Mu ma bana muka sa shi a tamu."

"To in an gama filin fa?"

Kawu ya take mini yatsan ƙafa. Baturen ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"In an gama, za su sani," ya ce.

Bai yi fushi ba. Har ya sa aka ba ni gwangwanin nama. A hanya Kawu ya ce da a Bama ne na yi wa hafsa irin wannan tambaya da na kwana a gadurum. Can kuma ya fashe da dariya, ya ce shekara uku yana soja bai taɓa jin wanda ya yi ta ba.

Ana saura kwanaki kaɗan babbar Sallah aka ce jirgi zai sauka. Kafin ranar an yi kwana uku ana ruwa, sannan rana ta fito ta busar da saman fili, ya yi fes. Mutane suka zo a ƙafa daga Doguwa, wasu har daga Ƙafin Maiyaki, masu ƙosai da masu rake suka kafa kasuwa. Soja suka ja igiya suka tsare mu a bayanta. Baba ya ce ko da jan gindi sai ya je, muka ɗora shi a jaki.

Da hantsi muka ji ƙugi. Wannan ba ƙaramin nan ba ne, babba ne mai farfela biyu, cikinsa fari. Ya zagaya sau biyu, ya saito daga yamma, ya sauko har na ga kan mutum ta gilashi. Ƙafafunsa suka taɓa ƙasa daidai inda gawonmu yake a da. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya yi ta gudu yana rage sauri, yana nufar gabas. Na ji Baba a kan jaki yana cewa, "Tsaya mana. Tsaya mana, bawan Allah."

Bai tsaya ba sai da ya shiga lakar. Ɓawon saman ya fashe, ƙafar hagu ta nutse har gindi, jirgin ya juya a hankali ya karkata, fiffike ɗaya ya kusa taɓa ƙasa, farfela ta watsa wa sojan da ke kusa taɓo. Sannan komai ya yi tsit. Ƙofa ta buɗe, Turawa uku suka diro, ba wanda ya ji ciwo. Baba ya ce alhamdu lillahi sau uku.

Aka kawo katafila ta ja shi. Ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, ita ma ta tona wa kanta rami ta zauna. Aka yini ana fama. Washegari Mai Tabarau da kansa ya zo zaurenmu, ya cire hula, ya tsuguna gaban Baba ya tambaye shi yadda ake fitar da abu daga wannan laka. Baba ya ce ba a ja ta gabas, sai a koma da baya ta inda aka shigo, kuma a shimfiɗa itace. Ya ce a kira Ardo Buba.

Rassan gawon da muka sare suna nan a tare a gefe, su muka jera a ƙarƙashin ƙafar jirgin bayan mun haƙe lakar da hannu. Ardo ya zo da takarkarai takwas, aka ɗaura musu igiyoyin soja. Mu kuma maza fiye da sittin, da soja da manoma, muka kama sauran igiyoyin. Wani ya ce a kira mai gangar noma, aka kira shi. Ya saki kiɗan da yake yi mana a gayya, yana kiran sunan kowa da na ubansa, har da Saje Musa. Ardo yana yi wa shanunsa magana da Fillanci a hankali kamar yana lallashin yara. Ja na farko ba abin da ya motsa. Na biyu igiya ta tsinke muka zube a taɓo, Turawa ma suna dariya. A na huɗu muka ji lakar ta yi wani irin tsotso ta saki, jirgin ya hau kan itace ya biyo mu.

Mai Tabarau ya tambayi Ardo abin da yake so a ba shi. Ardo ya ce shi ba ya son komai, so yake ya ga cikin abin da shanunsa suka ja. Aka kama masa hannu ya hau da sandarsa. Ya ɗan jima ya fito yana goge gumi, jama'a suka yanyame shi.

"Ardo, me ke ciki?"

"Ɗaki ne kawai. Kujeru da zafi. Ko tagar ba ta buɗuwa."

Ni ma aka ce in hau, saboda saƙon da na kai. Abin da ya tsaya mini a rai ba kujerun ba ne. Matuƙin ya ciro wani hoto mai faɗi ya shimfiɗa a gwiwarsa, Saje yana fassara. Hoton ƙauyenmu ne daga sama, wanda ƙaramin jirgin nan ya ɗauka. Da farko ban gane komai ba, sai Saje ya sa yatsa ya ce ga masallaci. Daga nan na bi lungu da ido har gidanmu. Ga zaure, ga ɗakin Inna, ga rumbunanmu biyu kamar ƙwayar wake, ba ka bambance mai hatsi da wanda ya ƙare. Ga gonar tudu, gawon yana tsaye da inuwarsa, har da ɗigon da nake jin ni ne da jakina. Yau jikokina suna nuna mini rufin gidan nan a wayarsu ba abin da ya dame su. Ni a ranar sai da na riƙe kujera. Ban taɓa sanin ana iya ganinmu ba tare da mun ga mai ganinmu ba.

Jirgin ya kwana huɗu yana jiran ƙasa ta sha iska. Aka sauke duk kayan cikinsa, aka tura shi can ƙarshen yamma, ya taso da gudu ya ɗaga tun kafin ya kai rabin fili. Bayan Sallah da sati ɗaya soja suka tumɓuke turaku, suka naɗe tantuna. Saje Musa ya ce an rubuto cewa ƙasar ba ta yi ba, za a duba wani wuri. Na ce ina? Ya ce shi saje ne kawai. Ya bar mini diga biyu da shebur. Mai unguwa ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, kamar ni na zuba lakar.

Aka dawo mana da gona, amma ba wadda aka karɓa ba. Garma ta ƙi shiga. Kawu ya kira gayya, mutum ashirin suka bar maimai a gonakinsu suka zo, Inna ta dafa musu ragowar shinkafar soja. Da diga muka farfasa daɓen, muka kwaso tudun takin da kwando muka mayar. Kwana biyar muka gyara abin da bai kai rabi ba. Lokacin gero ya riga ya wuce, sai wake muka zuba da 'yar maiwa. Watan da ya biyo baya shi ne mafi tsanani. Tafasa da yaɗiya muka yi ta ci da ɗan ƙuli, har maƙwabta suka fara yankan gero suna aiko mana da tumu. Baba ya tashi a kan ƙafafunsa, waken ya yi daidai gwargwado, maiwar ba ta yi ba. Sai da gonar ta yi damina uku kafin ta dawo hayyacinta.

Da kaka ta wuce muka ga abin da ke rumbu ba zai kai mu ba, sai na tafi cin rani Kano, karo na farko a rayuwata. Dakon buhunan gyaɗa na yi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce sai na ga irin abin da aka so yi a garinmu. Aka kwatanta mini wani sansani a bayan gari, na taka har can.

Waya ce doguwa mai ƙaya, iya ganinka. A ciki ga gine-gine farare, ga tankin ruwa a sama, ga titi mai kwalta, ga ciyawa an yanke ta daidai. Mutane irina suna shiga ta ƙofa da kakin aiki, suna nuna wata takarda. Gaskiya wurin ya yi kyau, har na ji ina ma a ce ina da takardar. A waje kusa da wayar wani tsoho yana kiwon awaki uku. Na yi masa sallama na zauna, ya tambaye ni daga ina, na ba shi labarin jirginmu da lakarmu. Ya yi dariya har da tari.

"Ku taku ƙasar laka ce," ya ce. "Tamu tsakuwa ce, ta yi musu daidai. Tun lokacin yaƙi."

Ya ce an ba su wata gona can nesa, ɗansa kuma yana aikin wanki a ciki, ba ya kuka da kowa. Sannan ya kama hannuna ya ja ni jikin wayar, ya nuna mini wata tsamiya can tsakiya, an shafa wa gindinta farar ƙasa, an ajiye benci a inuwarta.

"Ka ga waccan? Kakana ya dasa ta. Bana ta yi 'ya'ya sosai, daga nan nake ganinsu."

"Ba sa barinka ka shiga ka kaɗa, Baba?"

"Ban taɓa tambaya ba," ya ce. "Da wane suna zan ce na zo?"

Muka tsaya muna kallonta har awakinsa suka yi nisa, ya saki hannuna ya bi su.